Tumbin Inna

Da Inna ta farfaɗo daga allurar barci da sabon ƙarfe a ƙugunta, ta dubi 'ya'yanta biyu da ke tsaye a gefen gado, ta tsallake babban, ta ce wa Auta, "An ba Tumbi abinci?"

"Inna, ya jikin naki?" in ji Yaya.

"Ba kai na tambaya ba."

Tumbi wani baƙin tankin roba ne da ke bayan kicin ɗin Inna. A kafaɗarsa akwai bututu mai mazurari a baki, ta nan ake ɗura masa ɓawon dankali da na ayaba, da ƙanzon tukunya, da ruwan wankin shinkafa, duk a dame a bokiti. A cikinsa suke ruɓewa, iskar da ke tashi ta bi tiyo ta cika wata babbar jakar roba da ke rataye a ƙarƙashin rumfa, daga can ta zarce zuwa murhu mai kai biyu. Maƙwabcinsu Kawu mai walda ne ya haɗa mata shi shekarar da Baba ya rasu, ya fara cika shi da kashin shanu daga mayanka don ya kama aiki. Tun daga nan Inna ba ta ƙara sayen kalanzir ba, ba ta ƙara roƙon ɗan kowa ya ciko mata tukunyar gas ba. Miji ya tafi, 'ya'ya sun watse, Tumbi kaɗai ya rage a gidan mai tashi da yunwa.

"Zan ba shi," Auta ta ce.

"Rabin bokiti. Ki dama ya yi ruwa-ruwa. Ban da ƙashi, ban da ɓawon lemo."

Ta rufe ido ta koma barcinta.

Auta ta haye shekara arba'in, amma sunan bai sake ta ba. A wannan asibitin take aiki, can ƙasa, a ɗakin da ba shi da taga, inda ake wanke kayan tiyata. Almakasai da wuƙaƙe suna sauko mata da jini, ta mayar da su sama a nannaɗe, tas. Ba mamaki wuƙar da aka yanka Inna da ita ma ta hannunta ta bi. Likitoci ba su san sunanta ba, kuma a wannan aikin alama ce ta wanda bai taɓa kuskure ba. Fatar hannunta ta yi fari-fari, ta tsattsage a gaɓoɓi. Ta yi aure sau ɗaya, ta fito ba rigima, ba ta kuma waiwaya ba.

Yaya kuwa mutum ne mai yanke shawara tukuna, sannan ya tambaya don a ce ya tambaya. Tun Inna tana ɗakin tiyata ya sa matarsa ta kwashe tarkacen da ke ƙaramin ɗakinsu na saman bene. Auta ta je ta gani. Akwai sabon labule, akwai katifa mai ledarta, akwai taga mai kallon bangon wani gida. Ta san tsofaffin da ake kai wa irin wannan ɗaki, don ba a daɗewa ake sauko da su asibiti, fes da su, sun yi ƙiba kaɗan.

Da Inna ta fara takawa da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, Yaya ya zo da lemo a leda ya buɗe maganar.

"Zaman gidan nan ba zai yiwu ba, Inna. A banɗaki kika faɗi, sai da maƙwabta suka ji ihu."

"Ban yi ihu ba. Kira na yi."

"Likita ya ce ban da ɗaukar kaya."

"Me zan ɗauka? Faskare nake ko jan tukunyar gas? Ashana ɗaya nake ƙyastawa. Matarka da digirinta sai ta zauna jiran ka dawo daga ofis ka ɗaura mata tukunya."

"Kar ki sa matata a ciki."

"Kai ka sa ni a gidanta."

"To bokitin fa? Wa zai riƙa ɗaga miki?"

"Da kofi zan riƙa kai wa Tumbi. Gudu yake?"

Yaya ya yi dariya irin ta wanda ya tabbata shi zai ci. "Shi ke nan. Ranar da aka sallame ki mu biya ta gidan. Ki shiga kicin da ƙafarki, ki dafa min shayi a wutar ruɓaɓɓen dankalinki. In na sha, na bar ki a gidanki. In ya gagara, ki shiga mota ba gardama."

"Auta, kin ji shi."

Auta ta gyaɗa kai. Ita ce shaida a gidansu tun tana yarinya, kuma ba a taɓa tambayarta abin da ta gani ba.

Tuni ta kwaso 'yan kayanta ta dawo gidan Inna. Da safe, kafin ta tafi aiki, take haɗa abincin Tumbi. Ranar farko ta yi yadda aka ce: ta yanyanka ɓawo, ta zuba ruwa, ta juya da sanda, ta ɗura. Sai ta tsaya tana kallon bokitin. Shekara da shekaru bai ga sabulu ba. Cikinsa ya yi wani yauƙi mai launin toka, bakin mazurarin ya yi baƙi, ƙudaje sun mayar da wurin kasuwa. Hannuwanta suka kama aiki kafin kanta ya yi shawara, yadda suke yi a ɗakin ƙasa. Ba ta rabo da garin kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a wani ɗan gwangwani cikin jakarta. Ta kaɗa shi da ƙarfi, irin kaɗin da ake yi wa kayan da suka taɓa ruɓaɓɓen ciwo, ta jiƙa bokitin, ta dirje mazurarin da buroshi, ta zura buroshin cikin bututun iya tsawon hannunta.

Saura inda za ta zubar da ruwan. A tsakar gidan akwai barkono da tumatir da Inna ke shayarwa da ruwan da Tumbi ke fitarwa ta baya. Auta ta san kulorin zai ƙone su, kuma ba za ta iya haɗa ido da Inna ba in shukar ta mutu a hannunta. Sai ta ɗaga bokitin ta juye a mazurari. Ruwan datti ne, ya tafi wurin datti.

Inna ta ce ban da ƙashi, ta ce ban da ɓawon lemo. Ba ta ce ban da kulorin ba, don bai taɓa zo mata a rai cewa akwai mahalukin da zai wanke bokitin shara ba.

Haka Auta ta riƙa yi kowace safiya: abinci tukuna, sannan wanki. Ƙudajen suka bar wurin. Da rana, lokacin hutu, takan hau sama ta leƙa Inna.

"An ba shi?"

"An ba shi."

"Ya ci?"

"Ya ci, Inna."

Wutar murhun Inna shuɗiya ce, mai laushi, ba ta da ƙara. Da farko tsawonta ya ragu, Auta ta ce sanyin safiya ne. Daga baya sai ta riƙa lasar gindin buta tana mutuwa. Jakar roba ta fara yamushewa. Auta ta ƙara abinci, ta ƙara wanki. Ranar da ta ƙone ashana kusan rabin kwali murhun bai ko tanka ba, ta leƙa ta katanga ta kira Kawu mai walda.

Ya shigo da baƙin tabaransa a goshi, idanunsa ja kamar kullum.

"Auta, wannan kira haka kamar gobara ta tashi?"

"Da ma ita ce, Kawu. Wutar ce ta ƙi."

Ya bi tiyon da kumfar sabulu yana neman inda yake yoyo, bai samu ba. Ya ƙwanƙwasa tankin da bayan yatsa. Ya sunkuya ya sa hanci a mazurari, ya ɗago, ya sake sunkuyawa.

"Ikon Allah. Tunda na haɗa abin nan ban taɓa tsayawa a nan ban toshe hanci ba. Yau ƙamshin asibiti yake."

"Na wanke shi," ta ce. Har da ɗan alfahari ta faɗa.

Sai ta ji abin da ta ce.

Ba sai Kawu ya yi mata bayani ba. Ta fi shi sanin ƙwayoyin nan da ido ba ya gani. Ta san su ne ke ruɓar da ɓawon dankali, ta kuma san abin da kulorin ke yi musu, don a kan kashe su ake biyanta albashi. Sanin biyun yana kanta tun tuni, kowanne a ɗakinsa, ba su taɓa gaisawa ba sai yanzu. Ta jira ta ji wani abu, tsoro ko kunya. Abin da kawai ta lura da shi shi ne igiyar takalmin Kawu ta tsinke, ya ɗaure ta da waya.

"Zai tashi?"

"Wannan? Sai an kwashe cikinsa kaf, an ɗauraye, an nemo sabon kashin shanu, sannan a zauna jira. Wata guda, ko ma ya fi. Yaushe za a sallame ta?"

"Jibi."

Kawu ya sauke tabaransa kan ido, ya sake mayar da shi goshi.

"Kana da tukunyar gas, Kawu?"

"Akwai ta matata. Kuma ina son aurena."

"Ara min ita na yini ɗaya."

Ya daɗe yana kallonta. "Innarki za ki yi wa wayo? Matar da na rage mata tiyo taku ɗaya ta gane tana daga cikin ɗaki?"

"Ba ita zan yi wa ba. Yaya zan yi wa."

Ta gaya masa maganar shayin. Kawu ya san Yaya tun yana yawo ba wando, kuma tun a lokacin bai burge shi ba. Ya ce iskar tukunya ta fi ƙarfi, in aka sake ta a murhun Inna yadda yake sai wuta ta kai rufi, dole a canza ɗan ƙarfen da iska ke fitowa a sa mai ƙanƙanin rami. Washegari ya zo da kayan aikinsa, da tukunyar a kafaɗa a naɗe cikin buhu, yana ta waiwaye. Ya cire tiyon murhu daga jakar ya ɗaura a tukunya, ya tura ta lungun da ke tsakanin Tumbi da bango, ya jefa buhun a kanta.

"Saura jakar," ya ce. "Ko makaho ya ga wannan ya san yunwa take ji."

Ya kawo famfon keke. Auta ce ta yi bugun. Ta daɗe tana yi, kafaɗunta suna ciwo, jakar tana tashi a hankali har ta cika tim. Kawu ya ɗaure bakinta da roba, ya ja da baya ya duba aikinsu.

"Allah ya yafe mana. In ta tambaya, ban san ki ba."

Ranar sallama Yaya ya zo da mota a wanke. A hanya yana ta labarin yadda matarsa ta sayo sabon bargo, Inna tana kallon titi. Da suka tsaya a ƙofar gida ya miƙa hannu zai kama ta, ta doke hannun. Da sandarta ta shiga, tana turawa tana bi. Ta wuce tsakar gida, ta dubi barkononta, ta gyaɗa kai. Ta hango jakar a cike a ƙarƙashin rumfa, fuskarta ta ɗan saki.

A kicin Auta ta riga ta sauko da komai inda hannu zai kai: buta, ganyen shayi, sukari, kofuna. Yaya ya jingina da ƙofa ya harɗe hannu.

"To bismilla. Ni da madara nake sha."

"Ka sha yadda aka ba ka."

Inna ta jingina ƙugu da kantar kicin, ta ƙyasta ashana, ta murɗa makunni. Wutar ta kama da ƙarfi, tsaye, mai kaifi, tana huci. Inna ta ci gaba da riƙe ashanar har ta kusa cin yatsanta, sannan ta yarfe. Ta ɗan shaƙi iska ta hanci. Ba ta dubi Auta ba. Ta ɗora buta.

Ruwan ya tafasa da wuri. Ta zuba ganye, ta jira, ta tace, ta sa sukari da madara. Ta tura wa Yaya kofin a kan kantar.

"Kai!" ya ce, yana leƙen murhun. "Ashe abin nan da ƙarfinsa. Wallahi ya fi namu na gida. Duk daga ɓawon dankali?"

Ya hura, ya kurɓa, ya sake kurɓa. Ya shanye tsaye, don a ga shi mutum ne mai cika magana.

"To, Inna, kin ci ni. Magana ɗaya nake yi. Amma za a sa ƙarfen dafawa a banɗaki, kuma Auta ta riƙa kwana har ki warware. Bari in kira gida in ce kar su jira mu."

Ya fita tsakar gida yana latsa waya. Inna ta kashe murhun, ta juya sandarta ta nufi ƙofar baya. Akwai ɗan tudu a bakin ƙofar, ta daɗe kafin ta tsallake shi. Auta tana bayanta, hannuwanta a buɗe, ba ta taɓa ta ba.

Inna ta danna jakar da yatsa, ta ji ta da tauri kamar ƙwallo. Ta ƙarasa wurin Tumbi ta ɗora tafin hannu a jikinsa, ta bar shi a nan. Ta dubi mazurarin. Ta dubi bokitin da ke kife a gefe, fari tas, har an ga asalin launinsa. Buhun da ke lungu ko kallonsa ba ta yi ba.

"Tun yaushe?"

"Ban san ranar ba."

"Kullum kina ce min ya ci."

"Ina zuba masa, Inna."

"Kina zuba masa."

Daga tsakar gida muryar Yaya tana tashi, yana dariya a waya, yana cewa tsohuwar nan ta fi ƙarfinsa.

"Kawu ya ce zai tashi," Auta ta ce. "A kwashe cikinsa, a kawo kashin shanu. Wata guda ne."

"A kawo. Wa zai kawo?"

"Ni."

Inna ta sauke ido kan hannuwan Auta, fararen nan masu tsagewa. Babu faɗa a muryarta.

"Ke za ki dama kashin shanu? Ki dama, ki bar bokitin haka ki tafi aiki? Ba za ki iya ba, Auta. Za ki kai bakin titi ki dawo."

Auta ta so ta ce za ta iya. Ta duba cikinta ta ga ba ta sani ba.

"Kafin nan akwai tukunyar. Ba zai gane ba."

"Shi ai ba ya gane komai, tun yana yaro. In ta ƙare fa? In tsaya a katanga ina kiran 'ya'yan mutane?" Ta ɗauke hannunta daga jikin tankin ta goge a zani. "Shayin nan ba a wutata aka dafa shi ba. Je ki haɗa min kayana. Zannuwan da ke saman akwati, da rediyo."

Auta ta shiga ɗaki ta haɗa. Ta ninke zannuwan gefe da gefe, ta naɗe wayar rediyon, ta sa magungunan a leda daban. Da ta fito da jakar kayan, Inna ta riga ta kai bakin mota, Yaya yana tsaye da waya a hannu, baki buɗe.

"Inna, ai na ce ki zauna. Na sha fa."

"Na ji. Buɗe min gaba."

"To me ya faru? Auta, me kika ce mata?"

"Ban ce komai ba, Yaya."

Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Sai ya ɗaga kafaɗa, don bai saba bincika nasarar da ta zo masa har gida ba. Ya sake kiran matarsa ya ce a ƙara hannu a girki. Auta ta kulle gidan ta shiga baya, sandar ƙarfen a kan cinyarta. Da suka wuce shagon Kawu ya ɗago daga aikinsa ya ɗaga tabarau, ta kalli gaba.

Gidan Yaya hawa na biyu ne. Inna ta tsaya a gindin matakala ta ɗaga kai ta dubi tsawonta. Yaya ya kira maigadi, aka kawo kujerar roba, aka zaunar da ita, suka ɗauka su biyu suna nishi, Yaya yana ta cewa a hankali, a hankali. Inna ta riƙe hannun kujerar, idonta a rufe. Auta ta biyo su da jaka da sanda.

A ɗakin matar Yaya ta durƙusa ta gaishe ta, ta gyara mata matashi, ta ja labule.

"Inna, me kike so a dafa miki gobe?"

"Duk abin da kuka dafa," Inna ta ce.